MAKARANTAR MATCH TA BIRNIN BOSTAN: TARIHINTA DA HANYAR KOYARWARTA

Masu karatu, akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun iyaye da malamai a ko'ina cikin duniya. Yaro ya kai shekara 14, ya shiga sakandare, amma karatunsa da lissafinsa duk na ɗan firamare ne. Shin akwai sauran abin da za a iya yi masa, ko kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe? Masana da dama sun tafi a kan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka gara a zuba kuɗi a kan ƙananan yara, waɗanda suka girma kuwa a bar su su lallaɓa yadda suka iya. A wannan mako za mu kai ku birnin Bostan da ke jihar Masacusets a ƙasar Amurka, domin mu duba wata makarantar sakandare mai suna Match, wadda ta ƙi yarda da wannan magana. Za mu ga yadda aka kafa ta, da hanyar da ta bi, da abin da ta cim ma, da kuma inda masu suka suke ganin ta gaza.

MECE CE MAKARANTAR YARJEJENIYA?

Match tana cikin irin makarantun nan da Amurkawa suke kira "cata", watau makarantun yarjejeniya. Makarantar gwamnati ce, domin da kuɗin harajin jama'a take tafiya, ba a biyan ko sisin kwabo, ba a kuma yin jarrabawar shiga. Sai dai ba hukumar ilimi ta gari ce ke gudanar da ita ba. Wasu mutane ne, malamai ko iyaye ko wata ƙungiya, sukan rubuta wa gwamnati cewa ga irin makarantar da suke so su buɗe, ga kuma abin da suka yi alkawarin yara za su koya. In gwamnati ta yarda sai a ƙulla yarjejeniya. A jihar Masacusets shekara 5 ce ake bayarwa. Cikin wannan lokaci makarantar tana da 'yancin ɗaukar malamanta, da tsara lokacin karatu, da kashe kuɗinta yadda ta ga ya dace. In wa'adi ya cika sai a zo a duba. In ta cika alkawari a sabunta mata, in kuwa ta kasa ana iya rufe ta. Idan masu neman shiga suka fi guraben da ake da su, doka ta ce a jefa ƙuri'a, wanda sunansa ya fito shi ne ya samu.

Wani malamin jami'a mai suna Ray Budde ne ya fara kawo wannan shawara a shekarun 1970, sa'an nan a 1988 Albert Shanker, shugaban wata babbar ƙungiyar malaman Amurka, ya ɗaga ta a bainar jama'a. Jihar Minesota ce ta fara yin doka a kai a 1991, makaranta ta farko kuwa, City Academy, ta buɗe a birnin St. Paul a 1992 domin matasan da suka bar makaranta. Jihar Masacusets ta yi tata dokar a 1993, makarantunta na farko suka buɗe a 1995. Ya zuwa 2021 akwai irin waɗannan makarantu kimanin 7,800 a Amurka, da ɗalibai wajen miliyan 3.7.

Dattawanmu za su tuna da makarantun mishan na dā, waɗanda gwamnati takan ba su gudummawar kuɗi su kuwa su gudanar, kafin a karɓe su a shekarun 1970. Akwai ɗan kama, amma akwai babban bambanci, gama makarantar yarjejeniya ba ta koyar da addini. A 2025 an kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka a kan wata makarantar Katolika da aka so a buɗe bisa wannan tsari a jihar Oklahoma. Alƙalai suka rabu huɗu da huɗu, saboda haka hukuncin kotun jihar da ya hana buɗe ta ya tsaya.

BOSTAN, GARIN ILIMI MAI 'YA'YA A BAYA

Bostan tsohon gari ne a harkar makaranta. Tun 1635 aka buɗe Boston Latin School, wadda ita ce makarantar gwamnati mafi tsufa a Amurka. A 1647 kuma mahukuntan Masacusets suka yi doka cewa duk garin da ya kai gida 50 sai ya ɗauki malami, domin kowane yaro ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Ga manyan jami'o'i kamar Harvard da MIT a ƙetaren kogi kawai.

Duk da haka ba kowane ɗan gari ne ya ci moriyar wannan gādo ba. A 1974 wani alƙalin tarayya, W. Arthur Garrity, ya yanke hukunci cewa hukumar makarantun birnin ta ware 'ya'yan baƙar fata da gangan, ya kuma ba da umarni a riƙa kwasar yara a motoci daga wannan unguwa zuwa waccan domin a gauraya su. Aka yi ta tarzoma, fararen fata da yawa suka kwashe 'ya'yansu suka koma bayan gari ko makarantun kuɗi. Kafin shekara ta 2000 yawancin ɗaliban makarantun gwamnati na birnin 'ya'yan baƙar fata ne da 'ya'yan baƙi daga ƙasashen Latin Amurka, mafi yawansu kuwa daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

Ana cikin haka sai ga sabuwar jarrabawar jiha mai suna MCAS. Aka ce daga 'yan ajin da za su gama a 2003, duk wanda bai ci Turanci da lissafi na aji 10 ba, ba zai karɓi takardar shaidar gama sakandare ba. Wannan sharaɗi ya ci gaba har 2024, lokacin da masu zaɓe na jihar suka soke shi. A ƙarƙashin wannan doka ce Match ta buɗe ƙofarta.

DAGA KYAMARA ZUWA HARUFFA

Wanda ya kafa makarantar, Michael Goldstein, asalinsa ɗan jarida ne. Yana karatun digiri na biyu a makarantar nazarin mulki ta Jami'ar Harvard ya tsara takardar neman yarjejeniya. Tunaninsa na farko shi ne a jawo hankalin yaran birni da abin da suke so, watau aikin rediyo da bidiyo da kwamfuta, ta nan kuma a shigar musu da karatu. Sunan Match ma daga nan ya fito, haruffan farko ne na sunan makarantar a Turance, wanda ke nufin sakandaren kafofin watsa labarai da fasaha.

A watan Satumba na 2000 aka buɗe da yara kimanin 80 a aji 9, wanda ya yi daidai da aji uku na ƙaramar sakandare a wurinmu. Ba a jima ba malamai suka gane cewa yawancin yaran suna baya da shekaru a karatu da lissafi. Wanda bai iya karanta shafi ɗaya ya faɗi abin da ke ciki ba, ina amfanin ba shi kyamara? Sai shugabannin suka jingine batun bidiyo, suka mai da hankali ga abu guda, shi ne shirya kowane yaro ya shiga jami'a ya kuma iya zama a cikinta. Suna dai ya tsaya, amma tafiya ta sake. Bayan ɗan lokaci makarantar ta koma gininta na dindindin a titin Commonwealth kusa da Jami'ar Bostan, wani tsohon kantin sayar da kayan mota da aka gyara.

DATTIJON BAKIN ƘOFA

Ba za a ba da labarin Match ba tare da an ambaci shugabanta na farko, Charles Sposato, wanda ya yi shekaru da yawa yana koyarwa kafin ya zo. Kowace safiya yakan tsaya a bakin ƙofa, ya ba kowane ɗalibi hannu, ya kira sunansa, ya tambaye shi abin da ya kawo shi makaranta da abin da zai bukata domin ya yi nasara. Amsar ita ce kalmomi uku da makarantar ta ɗauka a matsayin takenta: ƙarfin hali, da horon kai, da naciya. Da dare kuma yakan ɗauki tarho ya yi ta kiran iyaye.

Wannan kiran tarho ya zama al'adar makarantar. Kowa ya san yadda gaban uwa ke faɗuwa in aka ce ana nemanta a makaranta, domin sau da yawa sai an yi laifi ake tunawa da ita. Sposato ya koya wa malamansa su riƙa kira tun babu laifi, su faɗa wa uwa cewa yau ɗanta ya yi ƙoƙari a lissafi, ko 'yarta ta gama littafi. In aka saba da haka, ran da aka kira da magana mai ɗaci, iyaye za su saurara, gama sun san mai kiran ba maƙiyin ɗansu ba ne. Shi ma yaron in ya ga gida da makaranta bakinsu ɗaya, ba shi da wurin ɓuya. Sposato ya rasu a 2007, makarantar horar da malamai da Match ta kafa daga baya kuwa aka sa mata sunansa.

Ban da wannan, a wancan lokaci akwai dokoki masu tsanani. Akwai kayan makaranta, akwai maki na laifi ga mai makara ko mai surutu a aji, wanda in ya taru sai a tsare ɗalibi bayan an tashi. Ranar karatu ta fi ta sauran makarantun birnin tsawo. Makin da wasu makarantu ke ɗauka a matsayin ci da ƙyar, a nan faɗuwa ne, wanda kuma ya faɗi darussa sai ya maimaita aji. 'Yan manyan azuzuwa sukan ɗauki darussa masu zurfi irin na shekarar farko ta jami'a, har su je su zauna a aji a Jami'ar Bostan, domin su ɗanɗana abin da ke jiransu tun suna da mai riƙe musu hannu.

LESIN A CIKIN JADAWALI

Abin da ya fi fito da sunan Match shi ne shirin da ta fara a 2004 mai suna Match Corps, lokacin da Alan Safran yake babban darektanta. Mu duka mun san lesin. Mai hali yakan ɗauko malami ya zo gida da yamma ya zauna da ɗansa, marar hali kuwa sai haƙuri. Match ta ɗauki wannan gata na 'ya'yan masu kuɗi ta sa shi cikin jadawalin makaranta, kyauta, ga kowane ɗalibi.

Ga yadda aka yi. Aka ɗauki matasa 45 da suka gama jami'a, suka yi alkawarin ba da shekara guda cur. Aka mai da benen sama na makarantar ɗakunan kwanansu, aka riƙa ba su ɗan alawus na abinci. Abin ya yi kama da shekarar yi wa ƙasa hidima da matasanmu ke yi, sai dai a can ba tilas ba ne, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa, har ana tacewa. A lokacin kowane ɗalibi yana samun awa 2 na lesin kowace rana. Malamin lesin yakan zauna da yaro ɗaya ko biyu a lokaci guda, yaran nan kuma su ne nasa daga farkon shekara har ƙarshenta. Shi ma yana kiran iyayensu a kai a kai.

Me ya sa wannan ya yi aiki? Mu ɗauki malamin da ke gaban yara 25 yana koyar da aljabara. A cikinsu akwai wanda bai iya raba lamba ba, akwai wanda jadawalin sau bai zauna masa ba, akwai kuma wanda ya riga ya gane yana hamma. Duk inda malamin ya tsaya, ya bar wasu. Yaron da ke baya kuwa ba zai ɗaga hannu ya tona wa kansa asiri a gaban abokansa ba, gara ya yi shiru ko ya tayar da fitina. Amma in mutum ɗaya ya zauna kusa da shi yana kallon fensirinsa, cikin 'yan mintoci zai ga daidai wurin da ƙafa ta zame, ya koma da shi can, ko da darasin aji 4 ne, su taso tare. Tun a 1984 masanin ilimi Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago ya nuna cewa koyarwar mutum da mutum ta fi ta aji nesa. Matsalar kullum ita ce tsada. Dabarar Match ita ce ta lura cewa riƙe aji na yara 25 gwaninta ce mai wuya da ke ɗaukar shekaru, amma zama da yara biyu abu ne da matashi mai ilimi da himma zai iya bayan horo na 'yan makonni, in ana sa masa ido ana gyara masa.

Akwai kuma hikimar cewa lesin na kowa ne. Da an ce sai daƙiƙai ne ke zuwa, da ya zama abin kunya. Da an bar shi sai bayan an tashi ga mai so, da waɗanda suka fi bukata su ne ba za su zo ba. Cikin 'yan shekaru sakamakon lissafi na 'yan aji 10 na Match ya shiga sahun gaba a jihar, yana gogayya da na unguwannin masu arziki. A 2008 ta buɗe ƙaramar sakandare, a 2011 kuma firamare da ta mai da hankali ga yaran da Turanci ba shi ne harshen gidansu ba.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Mai karatu zai iya cewa, watakila dama yara masu ƙoƙari ne da iyaye masu kula suke neman shiga. Tambaya ce mai kyau, ƙuri'ar nan kuwa ita ta ba da hanyar amsa ta. Tun da sa'a ce kawai ta raba wanda ya shiga da wanda bai shiga ba, sai masana tattalin arziki na MIT da Harvard, cikinsu har da Joshua Angrist wanda ya sami lambar Nobel a 2021, suka bi sawun ɓangarorin biyu. A wani nazari da suka buga a 2016 a kan sakandaren yarjejeniya 6 na Bostan, har da Match, sun sami cewa waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu sun fi cin jarrabawar jiha da ta shiga jami'a, sun kuma fi zuwa jami'o'i masu karatun shekara 4 maimakon kwalejoji masu shekara 2. Amma nazarin ya nuna wani abu kuma: yawan masu gama sakandare bai ƙaru ba, wasu ma sai da suka ƙara shekara kafin su gama.

Kada kuma a ɗauka cewa duk makarantar yarjejeniya haka take. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2009 ya sami cewa a lissafi kashi 17 cikin 100 ne kawai suka fi makarantun gwamnati na kusa da su, kashi 37 kuwa sun fi su lalacewa. Takardar yarjejeniya ba ta koyar da yaro. Abin da ake yi a cikin ginin ne ke koyar da shi.

MASU SUKA

Ƙungiyoyin malamai da wasu iyaye suna da ƙorafi a kan makarantun yarjejeniya na Bostan, ya kuma kamata a saurare su. Na farko, kuɗi yana bin ɗalibi ne. Duk yaron da ya tafi, kasonsa ya bar makarantun birni, alhali kuwa kuɗin wuta da gyaran gini da albashi ba su ragu ba. Na biyu, tsananin doka da maimaita aji sukan sa wasu yara su gaji su koma makarantar unguwa, wadda ba ta da ikon ƙin karɓar kowa, sa'an nan a zo ana kwatanta sakamako. Na uku, wasu sun ga cewa dakatar da yara daga makaranta saboda ƙananan laifuffuka ya yi yawa, kuma 'ya'yan baƙar fata abin ya fi shafa. Na huɗu, matasan malamai masu aiki dare da rana sukan gaji su tafi bayan shekara biyu ko uku. Sa'an nan ga yaran da ƙuri'a ba ta faɗa musu ba, waɗanda su ma 'ya'yan wasu ne.

A watan Nuwamba na 2016 aka kai maganar gaban masu zaɓe, ko a yarda a riƙa ƙara irin waɗannan makarantu har 12 a kowace shekara. Kashi 62 cikin 100 suka ce a'a.

IRIN DA YA YAƊU

Ko da yake an taƙaita yawan makarantun, dabarar lesin ta tsallake katanga. A 2010 aka gwada ta a wasu makarantun gwamnati na birnin Hustan tare da masanin Harvard Roland Fryer. A 2013 aka kai ta Shikago, cikin sakandaren gwamnati na unguwanni masu fama da talauci da tashin hankali, inda malamin lesin ɗaya yake zama da yara biyu na tsawon darasi guda kowace rana. A 2014 Alan Safran da A.J. Gutierrez, wanda shi kansa tsohon ɗalibin Match ne da ya ci moriyar lesin ɗin, suka kafa ƙungiyar Saga domin ci gaba da aikin. Masana na Jami'ar Shikago da abokan aikinsu suka yi gwaji a kan ɗalibai fiye da 5,000, su ma ta hanyar ƙuri'a, suka sami cewa waɗanda aka yi wa lesin sun ci gaba a lissafi ƙwarai, faɗuwa a darasin kuma ta ragu. Kuɗin ya kama dala 3,500 zuwa 4,300 ga kowane yaro a shekara. Suka sa wa rahotonsu suna mai ma'anar cewa lokaci bai ƙure ba. Bayan annobar korona ta 2020 ta rufe makarantu, yara suka koma baya, wannan hanya ce jihohi da yawa na Amurka suka runguma.

Masu karatu, dala dubu huɗu ga yaro ɗaya ba abin da za mu yi mafarkinsa ba ne a nan, tsarin mulkin makarantunsu kuma daban yake da namu. Amma in muka tace labarin, abin da ya rage a ƙasan ƙwarya ba mai tsada ba ne: babba ya san sunan yaro, wani ya zauna kusa da shi kullum ya nemo inda ya ɓace, malami kuma ya nemi iyaye tun kafin a yi laifi. A unguwanninmu akwai matasa da suka gama makaranta suna jiran aiki, akwai kuma ƙannensu a aji uku na sakandare da ba su iya karanta wasiƙa ba. Sau da yawa gida ɗaya suke kwana. Iyaye su zauna da ɗansu yau, su miƙa masa wannan shafi ya karanta musu da ƙarfi. In ya yi tuntuɓe, kada a zage shi, kada kuma a fid da rai. A nemo masa wanda zai zauna da shi.

Allah ya albarkaci 'ya'yanmu, ya ba malamansu haƙuri. Sai mun sadu a mako mai zuwa.